Wasiƙun Baltasar

Sau goma sha ɗaya na kalli fim ɗin nan.
Da farko ba don so ba: ni ke yaga tikiti
a tsohuwar silimar Don Evaristo, a Valparaíso,
garin da gidaje ke hawan tudu kamar awaki.
Kujerunmu na kuka, rufi na yoyo ta kusurwar hagu.

Ga labarin, in kana da haƙuri.

Casimiro mai gyaran agogo ne,
Leontina matarsa, shekara talatin da huɗu.
Ba za ka ji sun faɗa wa juna kalma mai zaƙi ba.
Yana miƙa mata gishiri kafin ta tambaya,
tana cire masa ƙayar kifi tana mita.
Aurensu ke nan.

Ɗansu tilo, Baltasar, ya bi jirgin dakon kaya.
Duk ƙarshen wata sai ga wasiƙa:
Mama, ina lafiya, sanyi ne kawai.
Yaya gwiwarki?
Kada ki sa ido bana.
Ta karanta a tsaye, ta ninke gida huɗu,
ta sa a gwangwanin biskit mai tsatsa a murfi.

Minti arba'in ana haka, har wasu su fara hamma.
Sai kyamara ta bi tsohon zuwa bayan shago.
Ya saka sakata, ya ture agogunan mutane gefe,
ya fito da kan sarki da ya saya wurin matuƙa,
ya kama alƙalami da hannun hagu.
Mama, ina lafiya.
A nan silima kan yi tsit, har ka ji ɗigar rufi a bokiti.

Shekara tara ke nan da teku ta ci yaron.
Takardar kamfani a hannun uban ta faɗa,
ran da matar ke gadon asibiti, zuciya na mata wasa.
Ya ce bari ta warke. Ta warke.
Ya ce bari hunturu ya wuce. Ya wuce.
An ce ramin ƙarya ƙurarre ne,
nasa dai har yau bai taɓo ƙasa ba.

Kowa na jiran ranar tonon silili,
kuka, fashewar faranti, akwati a bakin ƙofa.
Sai ga Eulalia, ƙanwarta, da hujja a jaka,
tana haki don matakala ɗari da ta hawo.
Leontina ko ɗagowa ba ta yi daga yankan albasa ba.
Ta ce, Ɗana bai taɓa tambayar gwiwata ba.
Tun wasiƙa ta biyu na gane mai ita.
Ki bar shi.
Ran da ya daina rubutawa,
gawa biyu zan yi wa kuka.

Ba kiɗa a wurin. Wuƙa ce kawai a kan katako.

Fitila ta kunnu, samari su ce, shi ke nan?
Masu furfura ba sa tashi da wuri.
Suna laluben hula, suna gyara gyale,
ba mai kallon wanda ya zo da shi.

Ni kuwa in share ɓawon gyaɗa, in kulle, in hau tudu.
Anselmo na jirana da shayi.
Kullum ƙarfe shida yake fita aikin tasha,
aikin da aka sallame shi tun watan Maris.
Na gan shi a dandali yana ba tattabaru burodin ranarsa.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ya ce, Yaya fim ɗin?
Na ce, Yana nan yadda yake.
Na jona dutsen guga,
na ɗauko rigarsa ta gobe.